Babana, kan maganar da ka yi a zaure ranar Asabar

Assalamu alaikum Babana. Da fatan ka koma Akoka lafiya, ya karatu ya abokan ɗaki. Yanzu ƙarfe sha ɗaya ta wuce, nefa sun ɗauke wuta, Umman ku ta yi barci, ni kuma maganarka ta hana ni runtsawa shi ya sa na ɗauki waya nake ta danne-danne, ka yi haƙuri da tsawonsa ka karanta har ƙarshe.

Ranar Asabar da muna cin tuwo da baƙin nan ka ce wai babu wata magana a duniya da take gaskiya ko'ina kuma ko yaushe, kowa da gaskiyarsa. Na ga kawunka ya ɓata rai yana shirin yi maka tsawa na taɓa masa gwiwa, don ba na son a rufe maka baki a gaban mutane, kuma ni ban ɗauki tambaya a matsayin rashin kunya ba. Kuɗin makarantar da nake biya ai don ka yi tunani ne. Amma shirun da na yi ba yarda ba ce.

Misalan da ka kawo duk na riƙe su. Ka ce an koya muku ruwa yana tafasa a digiri 100 amma in aka hau Jos tun wajen 96 yake tafasa saboda tudu. Ka ce ni da nake firamare an koya min Legas ce babban birnin Najeriya, kai kuma an koya maka Abuja. Wannan haka ne, a gabanmu aka yi, 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tattara ta koma. Zan ma ƙara maka da nawa, lokacin da aka yi mu jihohi 12 ne, muka ga 19 a 1976, yau 36. Kakanka da ka ci sunansa da fam da sule ya fara kasuwanci, naira sai 1973 ta zo. Da azumi in na kira gwaggonka ta Maiduguri sai in ji tana tauna dabino mu nan Agege rana na nan ja-wur, sai mun ƙara kusan rabin awa ko fiye kafin ladan ya kira.

To amma ka duba da kyau Babana, a cikin waɗannan wacce ce ta zama ƙarya? Wanda ya ce "rana ta faɗi" ya yi shiru, maganarsa ce ba ta cika ba. In ya cika ta ya ce rana ta faɗi a Maiduguri ƙarfe kaza ranar kaza, shike nan ta zauna, mutumin Legas ba zai ƙaryata shi ba, mutumin Makka ma haka, bayan shekara ɗari ma haka. Legas ce babban birni a 1985, wannan har a tashi duniya ba za ta canza ba. Ruwan Jos ma bai saɓa wa kowa ba, in ka faɗi tsawon tudun ka faɗi zafin maganar ta tsaya da ƙafarta. Mu a kasuwa kullum da wannan muke kwana, mace ta zo ta ce a ba ta shinkafa awo uku, dole ka tambaye ta derika ko mudu, don derikar Legas ba tiyar Kano ba ce. Awon ne ya bambanta, shinkafar da ke cikin buhu ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba.

Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ka ba. Wata shekara abokin cinikina ya yi min lodin albasa daga Aliero ya bugo waya ya ce buhu 80 ne. Mota ta kwana uku a hanya ta iso kasuwar Mile 12 da asuba, yara suka sauke ina tsaye da biro da littafi ina ja musu layi, buhu 77. Direba ya rantse da Allah abin da aka ɗora masa kenan, mutumin can shi ma ya rantse, kuma dukkansu na san su ba maƙaryata ba ne, direban har idonsa ya kawo ruwa don ya ga ana kallonsa kallon ɓarawo. A wannan safiyar da wani ya zo ya ce mana ku bar rigima kowa da gaskiyarsa, wa zai biya buhu uku? Direban zai koma gida da sunan ɓarawo kenan har abada. Abin da ya cece shi shi ne dukkanmu mun yarda cewa buhunan nan adadinsu ɗaya ne ko mun sani ko ba mu sani ba, sai aka bi diddigi, ashe masu lodi ne da dare suka jefa ukun a motar da ke gefe mai zuwa Ibadan. Kowa da abin da ya gani, wannan na yarda. Amma abin da ya faru guda ɗaya ne.

Kuma kar ka ɗauka tambayar nan sabuwa ce da ta zo da lakcara da intanet. A zauren malaminmu a Kano tun ina saurayi aka karantar da mu cewa hukunci iri uku ne, na shari'a, na al'ada, da na hankali. Na al'ada shi ne abin da muka saba gani yana maimaituwa, wuta tana ƙona, abinci yana ƙosarwa, magani yana warkarwa, irin wannan yana iya saɓawa kuma mafi yawan abin da kuke aunawa a lab nan yake, shi ya sa kullum ake gyara shi kuma gyaran ba abin kunya ba ne. Na hankali kuma aka raba shi uku, wajibi, mustahili, ja'izi. Malam yakan ɗaga carbinsa ya ce wannan ko yana motsi ko yana tsaye, ku kawo min na uku. Ɗaya rabin biyu ne. Abu ba ya zama akwai shi kuma babu shi a lokaci guda ta fuska guda. Ka tafi Sin ka tafi Amurka ka hau wata in ka ga dama, ba za ka samu inda uwa ta haifi ɗan da ya girme ta ba.

Imam Gazali ma, wanda ya koyar a Bagadaza ya rasu a 1111, ya shiga irin wannan kokwanton kusan wata biyu. Ya ce ido yana nuna maka inuwa a tsaye alhali tafiya take, yana nuna maka tauraro ɗan mitsitsi kamar kwabo alhali ƙato ne. Har hankalin kansa sai da ya tuhuma. Amma ma'aunin yaƙinin da ya ajiye shi ne irin sanin cewa goma ta fi uku, ko da wani zai mayar da sanda maciji a gabanka don ya nuna maka uku ta fi, iyakarka ka yi mamakinsa amma goma na nan a goma. Kaga kenan shiga kokwanto ba shi ne matsala ba, manya sun shiga, ni tsorona ka shimfiɗa tabarma a ciki ka zauna.

Sannan ka juya maganar taka ka kalle ta. Ka ce babu maganar da take gaskiya ko'ina. To ita wannan ɗin fa, gaskiya ce ko'ina? In ka ce eh, ga guda ɗaya ka samo da bakinka. In ka ce a'a, to akwai inda ba ta aiki kenan, can ɗin akwai gaskiya tabbatacciya. Ka kai wa malaminku wannan cikin ladabi, ina kyautata zaton shi ma so yake ku gano da kanku.

Ka lura ban fara maka da aya ko hadisi ba. Ba don ba su ne gaba a zuciyata ba, ka san a kan me na tsaya kuma a kan me nake fatan in mutu, sai don kar ka ce Baba ya rasa hujja ya ɓuya a bayan addini. Wannan zancen za mu yi shi ni da kai a zaune ba a waya ba.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne maganganun da ake farawa da "duk". Duk Bayarabe kaza ne, duk Bahaushe kaza ne, duk ɗan boko kaza ne. Shekara talatin da wani abu ina garin nan, na ga amana da alheri daga mutanen kowace ƙabila, kuma wanda ya taɓa gudu da kuɗina yarenmu ɗaya sahunmu ɗaya a masallaci. Irin waɗannan ka yi ta kokwanto a kansu, ka tambayi wa ya gani, yaushe, a ina, musamman abin da ake turowa a guruf na WhatsApp.

Abin da ya sa na kasa barci dai shi ne 27 ga Janairu 2002, kafin a haife ka. Ranar Lahadi da yamma ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta kama da wuta, bama-bamai suka riƙa tashi, nan Agege tagogi na karkarwa. Wani ya ce juyin mulki ne, wani ya ce yaƙi ne ya zo, kowa ya ɗauki ɗansa ya runtuma. Waɗanda suka yi wajen Oke-Afa suka tarar da kanal ɗin nan, wato babban magudanar ruwa, kainuwa ta rufe shi ruf, ga duhu ya fara, suka ɗauka fili ne mai ciyawa suka taka, na baya na turo na gaba. Mutum sama da dubu suka rasu a wannan masifar, da yawansu a ruwan nan, mata da ƙananan yara. Washegari na je neman wani yaron shagonmu, na ga ana jera su a bakin ruwa, wata uwa da goyonta a baya zanin bai ma kwance ba. Babu wanda ya yi musu ƙarya, da zuciya ɗaya suka yarda ƙasa ce. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu ya ba iyalan kowa haƙuri. Yaron namu mun same shi da rai bayan kwana biyu a Mushin, ƙafarsa duk ta fashe.

Tun ranar in na ji an ce kowa da gaskiyarsa sai kanal ɗin nan ya faɗo min a rai, shi ya sa da ka faɗa na kasa ƙarasa tuwona.

Ka rubuto min amsa in ka samu sarari, in kana ganin akwai inda na kauce ka nuna min, zan karanta. Umman ku ta ce yajin da ƙulin suna cikin baƙar leda a ƙasan jakarka kar ka bari su yi danshi. Na tura maka dubu goma ɗazu bayan isha'i, ka duba alat ka gaya min in ta shigo. In babu tes ranar Juma'a ka zo mu yi salla tare, ka fito da wuri saboda gosulon Oshodi.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka