Hutun Yara Ba Sai Dubai Ba, Ga Ghana Nan Kusa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah ka ɗan bani fili a shafin wasiƙu inyi magana da iyaye 'yan uwana, musamman masu yara 'yan sakandare, tunda ga dogon hutu ya matso kuma tun yanzu an fara cika mana guruf na WhatsApp da tambayar wa yasan ejan mai yin bizar Dubai, wa yasan na Turkiyya, kamar in ba can aka je ba toh ba a fita waje ba. Ni ba ina hana kowa bane, mai hali yaje inda ransa yake so. Amma akwai irinmu masu albashi da ɗan kasuwanci a gefe, waɗanda suka daɗe suna yiwa yara alƙawarin za a fita da su ko sau ɗaya kafin su shiga jami'a kowa ya kama gabansa, kuma duk shekara canjin dala yana ƙara nisanta alƙawarin. Su nake yiwa magana, kuma shawarata Ghana ce, kwana huɗu ko biyar, ba ƙari.

Abun da mutane ke mantawa wajen lissafi shine matashi a gida yaro ne amma a wurin kamfanin jirgi babba ne. Daga ya kai shekara 12 kuɗin kujerar babba zaka biya masa, haka bizar Turai ta Shengen, yuro 90 ce kan kowane mutum kuma mai shekara 12 cikakken kuɗi zai biya, in an hana kuma ba a dawo maka da ko sisi. Kaga mai yara uku da mata ya zubar da yuro 450 kenan tun bai san ko zai tafi ba. Dubai ɗin ma ai mun gani, daga 2022 suka rufe mana ƙofar biza sai a tsakiyar 2024 aka buɗe, shima da sharuɗɗa. Ghana kuwa ba biza, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta baka damar shiga ka zauna har kwana 90, fasfonka kawai da katin rigakafin shawara, wato yalo kad. Daga Legas jirgi awa ɗaya ne zuwa Accra, daga Abuja ma akwai, kuma agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, toh a kula da wannan wajen lokacin sallah da lokacin jirgin dawowa.

Maganar takardu ita ce ke kada mutane a filin jirgi. Kowane yaro sai da fasfonsa, kuma sai da NIN kafin ayi masa, toh wanda bai fara ba ya fara yau kar ya bari sai saura sati biyu yazo yana neman wanda zai taimaka a ofis. Wanda yayi wa yara fasfo tuntuni ya buɗe ya duba, na yara shekara biyar ne kuma shekara biyar ba wuya. Allurar shawara kuma sai tayi kwana goma a jiki kafin katin ya fara aiki, amma sau ɗaya ce har ƙarshen rayuwa. In uwa ce kaɗai zata tafi da su, ko ana haɗawa da ɗan ƙanwa ko 'yar riƙo kamar yadda muka saba, a riƙe takardar amincewar uba da takardar haihuwa, domin jami'ai suna tambaya saboda matsalar safarar yara kuma basu yi laifi ba.

Yanzu ga inda nafi so iyaye su saurara. Tafiya da ɗan shekara 15 ba irin tafiya da ɗan firamare bace da zaka saya masa ayis kirim ya manta da komai. Wannan yana da ra'ayinsa, yana da wayarsa, kuma in ka tsara komai kai kaɗai ka jawo shi daga gidan tarihi zuwa gidan tarihi wallahi zai bika ne fuska a murtuke da abun kunne a kunne, ka kashe kuɗi ka dawo da haushi. Abun da yayi mana aiki a gidanmu shine rabon aiki tun kafin a tashi. Babbar aka bata lissafin kuɗin abinci da mota, ita ke canza naira zuwa sidi, kuɗin Ghana, a kanta kuma ita ke cewa yau mun wuce iyaka, mai bi mata aka bashi taswira da kiran Bolt, sannan kowa aka bashi rabin yini nashi, inda ya zaɓa nan za a je ba gardama ko da Baba baya so. Yaron da ya zaɓi wuri da kansa baya cewa ya gaji. Kuma dan Allah a bar su suyi barcin safe ko rana ɗaya, bayan asuba kowa ya koma, hutu aka zo ba sansanin soja ba.

Masauki kuma ina ganin gida mai ɗaki biyu ko uku da kicin yafi otal, tunda yara sun girma dole a raba maza da mata, ɗaki uku a otal kuwa ai ya cinye rabin kuɗin tafiyar. Da kicin ko shayi da burodi da ƙwai kukayi da safe kun rage abu mai yawa, matasa kuwa kun san cinsu.

Me za a gani? Accra kanta kwana biyu ya isa. Akwai wurin tunawa da Kwame Nkrumah inda kabarinsa yake, a filin da ya ayyana 'yancin ƙasar a watan Maris 1957, shekara uku kafin namu. Akwai babban masallacin ƙasa a unguwar Kanda da aka buɗe a 2021, ginin Turkawa ne da ƙubbobi da dogayen hasumiyoyi, in kun dace da Juma'a toh ku yi ta a can. Daga nan unguwar Nima ba nisa, kuma Nima ce dalilin da yasa nace Ghana ba Ruwanda ko Kenya ba. Ka shiga kaji ana Hausa a kasuwa, mai waƙe tana zuba maka tana tambayarka ya mutanen Kano, Hausar ta ɗan bambanta da tamu har yara suna ƙunshe dariya amma kowa yana gane kowa. Ba haka kawai bane, fataucin goro ne ya kawo haka, kakanninmu da suke tafiya Gwanja da jakuna wata da watanni har Salaga. Alhassan Ɗantata ma ai a wannan harkar ya tashi, yana ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Ghana zuwa Legas, kuma babban malamin nan Malam Umaru na Salaga da Karaci ta Ghana wanda ya rasu a 1934 a Kano aka haife shi. Sheikh Usman Nuhu Sharubutu da aka naɗa babban limamin ƙasar a 1993 shima gidan Hausawa ne. Yaranmu suna haddace sunan 'yan ƙwallon Ingila kaf amma basu san wannan ba, laifinmu ne ba nasu ba.

Rana guda cikakka a ware ta domin Cape Coast, wajen kilomita 150 ne, awa uku ko fiye in akwai cunkoso a hanyar fita Accra, saboda haka a tashi da sassafe. A fara da dajin Kakum tun rana bata yi zafi ba, akwai gadojin igiya guda bakwai da aka ɗaura a saman bishiyoyi, sama da ƙasa kamar mita 30, suna lilo kana tafiya. Nan ne yaran zasu yi ta ihu da hoto, iyaye mata kuma salati. Mai hawan jini ko tsoron sama ya zauna a ƙasa ba abun kunya bane. Da rana sai kurkukun bayi, ko na Cape Coast ko na Elmina wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482. Anan zan ce a shirya yara tukuna, domin ana shiga da kai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu duhu inda ake tara mutane ɗaruruwa, mai jagora ya kashe fitila na ɗan lokaci, sannan ya nuna muku ƙofar da in an fita ta ba dawowa, kuma da yawa daga waɗanda aka bi da su ta nan daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin Salaga ɗin da muke alfahari da ita. Wannan ɓangaren ba daɗi amma ni ina ganin ɗan shekara 16 ya isa yaji shi, kuma tambayoyin da zasu yi maka a mota wajen dawowa sun fi duk wata hira da kuka yi a shekarar. A tafi da katin makaranta, kuɗin shiga na ɗalibai daban ne.

Teku kuma a yi hattara. Yaran arewa in suka ga ruwa hankalinsu tashi yake, igiyar ruwan gaɓar nan tana da ja sosai har wanda ya iya ruwa tana wahalar da shi, balle namu da iyakarsu kududdufi. A jiƙa ƙafa a hau doki a bakin tekun Labadi da ke Accra a sha ruwan kwakwa, shikenan. Kuma da rana za a je ba daren ƙarshen mako ba, lokacin wurin na 'yan casu ne.

Lokaci kuwa Agusta yafi, manyan ruwan saman Accra na Mayu da Yuni sun wuce gari yayi sanyi. Disamba kar ma a fara, lokacin ne 'yan ƙasar da ke Amurka da Turai ke dawowa gida shagali, tikiti da masauki duk sai su tashi. Gidan sauro da maganin zazzaɓi a saka a jaka kamar dai a gida.

Wasu zasu ce ai mota tafi arha. Haka ne, akwai manyan motoci daga Legas, amma iyaka uku zaka tsallaka, Seme, sannan tsakanin Benin da Togo, sannan Aflao, yini guda cur zuwa wani yinin dawowa, a hutun kwana biyar kaga saura uku kenan ga gajiya. Sai dai in hutun mai tsawo ne kuma ana so yaran su ga Kwatano da Lome a hanya. A kan wannan nake roƙon jaridarku ta tura wakili ya bi hanyar nan da kansa ya rubuto mana nawa ake kashewa a kowace iyaka da abun da doka tace a biya da wanda bata ce ba, domin iyaye da yawa a nan suke tsoro.

Na gode da fili.

Wata uwa kuma malamar makaranta,
daga Zariya.