Amsa ga Ɗana da Ya Ce a Sallami Biyafara Mu Huta

Assalamu alaikum, ɗana.

A taron ɗaliban da aka gayyace ni ka miƙe gaban jama'a ka ce: "Malam, tunda Ibo suna son Biyafara, addininsu daban, al'adarsu daban, me ya hana a sallame su kowa ya kama gabansa? Jinin da aka zubar don a riƙe su, me ya saya mana?" Zaure ya ɗauki tafi, lokaci kuma ya ƙure. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a zan ba ka amsa.

Na san inda tambayarka ta fito, kuma ban raina ta ba. Ka ji labarin matar nan 'yar Arewa mai juna biyu da 'yan bindiga suka kashe tare da 'ya'yanta huɗu a Anambra a watan Mayun 2022. Ka ji na direbobi da fatake da ake tarewa a hanyoyin Gabas, da zaman gida na dole da ƙungiyar IPOB mai fafutukar kafa Biyafara ta ƙaƙaba duk ranar Litinin tun watan Agustan 2021. Duk mai zuciya a ƙirji ransa zai ɓaci. Nawa ma ya ɓaci. Amma abin da kake nema a yi, an taɓa gwada shi, kuma ya kamata ka san yadda aka fara da yadda aka ƙare.

Kiran a raba ƙasa daga bakin mutanenmu ya fara fita da ƙarfi a 1966. Daren 15 ga Janairu, cikin watan azumi, wasu hafsoshin soja, galibinsu Ibo, suka kashe Sardauna Ahmadu Bello a gidansa na Kaduna tare da matarsa Hafsatu. Suka kashe Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Yamma Akintola, da Ministan Kuɗi Okotie-Eboh, da manyan sojojin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kur Mohammed da Abogo Largema da James Pam. Janar Ironsi ya karɓi mulki, bai gurfanar da masu juyin mulkin gaban kotu ba, sannan ranar 24 ga Mayu ya fito da doka mai lamba 34 wadda ta rushe tsarin tarayya ta dunƙule aikin gwamnati wuri guda. Arewa ta ga an kashe mata shugabanni, ga shi kuma ana shirin karɓe mata kujerun ofis. Sai tarzoma ta ɓarke a Kano da Zariya da Kaduna da Gusau da sauran garuruwa, ana ta kiran "Araba". Da sojojin Arewa suka mayar da martani ranar 29 ga Yuli, suka kashe Ironsi da gwamnan soja na Yamma Fajuyi a Badun, niyyar da yawa daga cikinsu ita ce Arewa ta ɓalle. Manyan sakatarorin gwamnati da jakadun Ingila da Amurka ne suka yi ta lallashi, suna nuna musu cewa yankin da ba shi da teku, kuma kuɗin shigarsa ya rataya a kan tashoshin jiragen ruwa na kudu, shi zai fi kowa jin jiki.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda ba mu cika son faɗa wa 'ya'yanmu ba. Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoban 1966 an yi wa mutanen Gabas kisan gilla a garuruwan Arewa, daga Makurɗi da Jos har Kano. Ranar 1 ga Oktoba sojojin bataliya ta biyar suka yi tawaye a Kano, suka buɗe wa mutane wuta a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. Masu ƙiyasi sun bambanta, daga 8,000 har 30,000, amma ko mafi ƙarancin adadin ka ɗauka, dubban rayuka ne. Waɗanda aka kashe ɗin akawuna ne da ma'aikatan reluwe da masu shaguna da mata da yara. Ba su suka shiga gidan Sardauna ba, kuma Alƙur'ani ya faɗa mana ƙarara cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. An kashe 'yan Arewa a Gabas a matsayin ramuwa, wannan ma gaskiya ne, kamar yadda yake gaskiya cewa akwai sarakuna da malamai da talakawan Arewa da suka ɓoye maƙwabtansu Ibo a cikin gidajensu har suka tsira. Duk da haka fiye da mutum miliyan ɗaya suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka koma Gabas, wasu da raunin adda a jikinsu. Ɗana, wanda zai yi maganar Biyafara ya tsallake wannan, bai yi adalci ba. Mutumin da ya ga an yanka ɗan'uwansa a tashar jirgi ba ya bukatar wani ya zuga shi kafin ya ce ƙasar nan ba tasa ba ce.

Sabon shugaban ƙasa Yakubu Gowon da gwamnan soja na Gabas Ojukwu da sauran shugabannin soja sun zauna a Aburi ta ƙasar Gana ranakun 4 da 5 ga Janairun 1967, aka dawo kowa da tasa fassarar abin da aka amince. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya yanka ƙasar zuwa jihohi 12. Bayan kwana uku, ranar 30 ga Mayu, Ojukwu ya yi shelar Jamhuriyar Biyafara a Inugu. Yaƙi ya fara ranar 6 ga Yuli, bai tsaya ba sai 15 ga Janairun 1970.

Yanzu batun addini, wanda shi ne ginshiƙin tambayarka. Masu yi wa Biyafara farfaganda a Turai sun sayar da yaƙin a matsayin Musulmin Arewa sun taso su shafe Kiristocin Gabas, kuma dabarar ta ci, domin ta jawo musu tausayi da jiragen agaji na coci-coci da suka riƙa sauka da dare a filin Uli. Abin mamaki, yau matasanmu sun karɓi wannan labarin sun juya shi, suna cewa yaƙinmu ne da su. To duba waɗanda suka yi yaƙin. Yakubu Gowon Kirista ne ɗan ƙabilar Angas, mahaifinsa mai wa'azin coci ne. Benjamin Adekunle da ya ci Kalaba da Fatakwal Kirista ne. Obasanjo da ya gaje shi ya karɓi saranda Kirista ne, haka T. Y. Danjuma. Awolowo ne ya riƙe baitulmalin tarayya. Babban kaso na ƙananan sojojin da suka yi ta mutuwa a fagen daga 'yan Tibi ne da Idoma da ƙabilun Filato da kudancin Zariya da Adamawa, kafaɗa da kafaɗa da Hausawa da Barebari da Fulani. Makamai kuwa daga Ingila da Tarayyar Sobiyet suka zo, Faransa tana taimakon ɗaya ɓangaren. Abin da aka yi faɗa a kansa shi ne mulki da tsoro da man fetur da kuma tambayar wa ke da ikon ja wa wani layin iyaka.

Wannan layin shi ne abin da nake so ka tsaya a kansa. Jihar Gabas da Ojukwu ya kira Biyafara ba ta Ibo kaɗai ba ce. Akwai Ijo da Ibibiyo da Efik da Ogoni da Ikwerre da wasu da dama, kuma rijiyoyin mai da bakin teku galibi a ƙasarsu suke. Tun zamanin hukumar Willink da Turawa suka kafa don sauraron koken ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958 suke kukan danniya suna neman jihohinsu. Har Isaac Boro ya taɓa shelar jamhuriyar Neja Delta a Fabrairun 1966, aka murƙushe shi cikin kwana 12. Da Gowon ya ba su jihohin Ribas da Kudu Maso Gabas, da yawansu suka juya wa Biyafara baya, sai sojojin Biyafara suka riƙa zarginsu da zagon ƙasa suna kashe su. Da Biyafara ta mamaye yankin Tsakiyar Yamma a Agustan 1967, waɗanda ba Ibo ba sun ɗanɗana kuɗarsu. Da sojojin tarayya suka ƙwato shi, Ibon wurin suka biya. A Asaba, ranar 7 ga Oktoba, sojojin runduna ta biyu suka ware maza daga cikin jama'ar da ta fito tarbarsu suka harbe ɗaruruwa. Duk inda aka ja layi, akwai wanda ya wayi gari ya tarar da kansa a ɓangaren da ba a son sa, kuma shi ne farkon mutuwa. Sai kuma yunwa, wadda ta fi harsashi kisa bayan an toshe hanyoyin shiga Biyafara. Mafi ƙarancin ƙiyasin mamatan yaƙin rabin miliyan ne, wasu na cewa miliyan biyu ko fiye, galibinsu ƙananan yara.

To ka ce kowa ya kama gabansa. Ina ne gaban Ibon da aka haifa a Sabon Garin Kano, aka haifi ubansa a can, ya fi jin Hausa a kan harshen kakanninsa? Ina ne gaban Bahaushen Ama Hausa a Owerri, ko dillalin shanun kasuwar Lokpanta a Abiya, wanda jarinsa da iyalinsa duk suna can? Cuɗanyar ta daɗe. Azikiwe da Ojukwu duk a Zungeru aka haife su. Nzeogwu da ya jagoranci harin gidan Sardauna haifaffen Kaduna ne, sunan garin ma yana cikin sunansa. Malam Umaru Altine, Bafillace ɗan kasuwar shanu, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, kuma da ƙuri'ar mutanen garin ya hau. Miliyoyin mutane ne yau a irin wannan matsayi, sun ninka na 1966 nesa ba kusa ba. Lokacin da wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka taru a Kaduna ranar 6 ga Yunin 2017 suka ba Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, hankalina ya tashi ƙwarai, domin na san wa'adi irin wannan ba ya tsayawa a kan takarda. Allah ya taimaka aka janye shi.

Kada kuma ka ɗauka Arewa za ta zauna dunƙule bayan an raba. Wa ya ce maka Binuwai da Filato da Taraba da kudancin Kaduna za su bi Kano da Sakkwato? Tibi sun yi bore a 1960 da 1964 a kan mulkin Kaduna. A juyin mulkin da bai yi nasara ba na 22 ga Afrilun 1990, Manjo Gideon Orkar, ɗan Binuwai, ya shiga rediyo ya ce ya cire jihohin Sakkwato da Borno da Katsina da Kano da Bauchi daga Najeriya. Idan addini ne ma'aunin rabo, ta ina za ka tsaga Jos, ko Kaduna, ko Tafawa Ɓalewa, ko gidan Bamagujen da wa ke zuwa masallaci ƙane ke zuwa coci?

Sudan ta yi abin da kake so, har da ƙuri'ar raba gardama. A Janairun 2011 kusan kashi 99 cikin 100 na 'yan kudu suka zaɓi ɓallewa, aka ɗaga tuta a Juba ranar 9 ga Yuli. Ina ganin suna da hujja bayan shekarun da suka sha wuya. Amma hutu bai zo ba. 'Yan kudu da aka haifa a Khartoum suka rasa takardar zama 'yan ƙasa. A Disambar 2013 Salva Kiir da Riek Machar, dukansu Kiristoci, suka jefa Dinka da Nuwer cikin yaƙin da aka ƙiyasta ya ci rai kusan 400,000. Arewacin da ya rage kusan duk Musulmi ne, amma a 2022 aka far wa Hausawan jihar Blue Nile a kan filaye da sarauta, ana ce musu baƙi alhali kakanninsu a can aka binne su. A Afrilun 2023 kuma sojan Sudan da dakarun kar-ta-kwana na RSF suka kama yaƙi a tsakiyar Khartoum.

Ka tambayi abin da jinin ya saya mana. Bai saya mana adalci ba, wannan kam na yarda da kai. Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara babu wanda aka ci, amma Ibon da ya ajiye kuɗi a banki ya taɓa su lokacin yaƙi fam 20 aka ba shi komai yawansu, kuma gidajensu na Fatakwal aka kira su dukiyar da aka yasar. Ba a tuhumi kowa a kan kisan 1966 ko na Asaba ba. Sai aka zo aka cire darasin tarihi daga makarantun firamare da ƙananan sakandare tsawon shekaru, kuka tashi ku da takwarorinku na Aba da Anacha kowa da rabin labari. Abin da ya saya shi ne damar komawa. Ibo sun dawo Kano da Kaduna da Jos, da yawa aka mayar musu da gidajensu. Shekara tara bayan yaƙi Alex Ekwueme ya zama mataimakin Shehu Shagari, kuma a 1982 Shagari ya yafe wa Ojukwu ya dawo gida daga Kwaddibuwa.

Amsata ke nan, ɗana: ba na goyon bayan a ce musu su tafi, kuma ba na goyon bayan a rufe bakin mai neman tafiya da bindiga matuƙar bai ɗauki makami ba. Wanda ya kashe matafiyi a Anambra a hukunta shi da sunansa, kada a rataya laifinsa a wuyan mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari. Idan kuwa wata rana 'yan ƙasa suka ga zaman ya gagara, to a bi shi yadda ake rabon gado: sai an lissafa dukiya, an biya bashi, an san magada, sannan a ɗora hannu a kan kaso. Tsarin mulkin 1999 ya ce Najeriya ƙasa ɗaya ce da ba ta rabuwa, kuma ba a sauya shi sai da kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Duk mai son raba ƙasa, daga Arewa ko daga Gabas, ya bi ta nan, kuma ya zo da amsoshi a rubuce: wa zai biya bashin ƙasa, ta wace tasha kayan Kano za su riƙa shigowa, wa za a tambaya a Ribas da Binuwai, kuma wace doka ce za ta kare rai da dukiyar wanda layi ya bari a ɗaya ɓangaren.

Ka taru da abokanka da suka yi maka tafi ku zauna a kan waɗannan tambayoyi. Ku gayyaci ɗalibai Ibo da Tibi da Birom da kuke aji ɗaya da su, ku bar su su yi magana har su gama. Idan kun sa rana ku sanar da ni, zan zo in Allah ya yarda.

Wassalam,
Malaminka.