Sanarwa kan tattakin 26 ga Satumba

Assalamu alaikum ƴan uwa maza da mata.

Ranar 26 ga Satumba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin kiran a kawar da makaman nukiliya, za mu yi tattakin lumana a nan Maraɗi. Mu haɗu bakin babbar kasuwa da ƙarfe 8 na safe. Ba za mu motsa ba sai takardar izini ta fito daga hukuma, da ta fito zan sanya hotonta a nan.

Wani dattijo ya tambaye ni, ina ruwan Maraɗi da bam ɗin nukiliya? Baba, da ruwanmu. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa, kuma iska ba ta san iyakar ƙasa ba. Uraniyom kuwa, ma'adinin da ake ƙera irin wannan bam da shi, shekaru da dama ana haƙo shi a Arlit, nan ƙasarmu Nijar. Afirka ta Kudu ta ƙera irin waɗannan makamai, ta kuma wargaza su da hannunta, yarjejeniyar Pelindaba ta 1996 ta haramta su a nahiyarmu. Ashe abin mai yiwuwa ne.

Kowa ya zo da farar riga da gorar ruwa, rana za ta yi zafi. Ba zagi, ba jifa, ba tare hanya. Ko an tsokane ku, ku yi shiru ku wuce. Masu rubuta alluna, ku rubuta da Hausa, da manyan baƙaƙe, don mai adaidaita ma ya karanta daga nesa.

Mai zuwa ya rubuta sunansa a ƙasa.