A Riƙa Tunawa da Fatake Idan Ana Maganar Tsofaffin Gine-ginen Indiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan yadda ake ba da labarin tsofaffin gine-ginen ƙasar Indiya. Kusan duk lokacin da aka ɗauko zancen, a kan Taj Mahal da sarakunan Mughal ake tsayawa, kamar dai kafin ƙarni na 17 ba a taɓa ɗora dutse a kan dutse a wannan ƙasa ba. Alhali kuwa tsakanin ƙarni na 9 da na 15 an yi manyan garuruwan ciniki a can, kuma wanda ya bi rubuce-rubucen da ke jikin haikalai da masallatansu zai tarar da sunayen fatake da masu jiragen ruwa da masaƙa kusa da sunayen sarakuna.

Haikalin Brihadisvara da ke Thanjavur, a kudancin ƙasar, shi ya fi dacewa a fara da shi. Sarki Rajaraja na Ɗaya na daular Chola ne ya gina shi, aka kammala a shekarar 1010, hasumiyarsa kuma ta haura mita 60, an kuma gina shi da ƙaƙƙarfan dutsen da sai daga nesa aka ɗauko shi. Tsayin nan shi ke ɗaukar hankalin baƙo, amma a ganina abin da aka sassaƙa a gindin bangon ya fi shi muhimmanci, domin lissafi ne dalla-dalla na dukiyar wurin: zinariya da gonaki, da albashin ma'aikata, har da sunayen mata masu rawa kimanin 400 da aka kawo daga wasu garuruwa aka ba su gidaje. A wancan zamani haikalin yana ba majalisun ƙauyuka rance, su biya ruwan kashi ɗaya cikin takwas a shekara. Domin kada fitilu su mutu, ana damƙa wa makiyayi tumaki 96 a kan kowace fitila, shi kuma ya riƙa kawo man da ake samu daga nononsu kullum, ya kuma tabbatar adadin garken bai ragu ba. Tsari ne mai kama da waƙafi, wanda ya sa wurin ibada ya zama ma'aji da wurin ɗaukar ma'aikata, masaƙa da maƙeran tagulla kuma suka yi ta kafa unguwanni a kewayensa har gari ya cika. Ba zan ɓoye cewa wani kaso na wannan dukiya ganimar yaƙi ce ba, domin rubutun da kansa ya ambaci abin da sarkin ya ƙwato daga abokan gabansa.

Fataken kudancin Indiya na wancan zamani ba ɗai-ɗai suke fatauci ba. Suna da ƙungiyoyi masu dokoki da dakarun da ke tsaron kaya, kuma wadda ta fi shahara ita ce Ayyavole, da ake yi wa laƙabi da Ɗari Biyar, sai Manigramam, sai Anjuvannam ta baƙin 'yan kasuwa daga yammacin Asiya. An samu rubutun Ɗari Biyar da harshen Tamil na kudancin Indiya, mai ɗauke da shekarar 1088, kusa da Barus a tsibirin Sumatra, inda ake sayen kafur. A birnin Quanzhou na ƙasar Sin ma an samu rubutun Tamil na shekarar 1281 game da wani haikali da aka kafa a can. Duk inda suka sauka suka daɗe, sai sun bar wurin ibada ko tafki, domin da irin wannan ne baƙo ke samun amincewar masu gari.

Ɓangaren da na fi so masu karatu su sani shi ne na gaɓar yamma, wato Gujarat da Malabar, inda iskar damina ke kawo jiragen Larabawa da Farisawa, ta kuma tilasta musu zaman watanni kafin ta juya su koma gida. A garin Kollam na Malabar an ba wata majami'ar Kirista takardar kyauta a kan allunan tagulla a shekarar 849, shaidun kuma suka sa hannu da rubutun Larabci da na Pahlavi, wato tsohon rubutun Farisawa, da na Ibrananci. A Somnath ta Gujarat kuwa, garin da Sarki Mahmud na Ghazni, da ke Afghanistan ta yanzu, ya kai wa hari ya rushe haikalinsa a 1026, wani mai jirgin ruwa daga tashar Hurmuz ta Farisa, Nuruddin Firuz, ya sayi fili ya gina masallaci a 1264, a ƙarƙashin mulkin sarkin Hindu Arjunadeva, tare da taimakon manyan garin. An rubuta yarjejeniyar da Sanskrit, tsohon harshen ilimi na Indiya, da kuma Larabci, aka keɓe shaguna da wurin matsar mai domin hidimar masallacin, aka kuma ce abin da ya yi saura a aika Makka da Madina. Wanda ya san labarin 1026 kaɗai, ko na 1264 kaɗai, rabin tarihin garin ya sani.

Attajiran addinin Jain su ma sun taka rawa. 'Yan'uwa biyu, Vastupala da Tejapala, waɗanda suka fito daga dangin 'yan kasuwa suka zama wazirai a Gujarat, a zamaninsu aka gina haikalin Luna Vasahi a kan Dutsen Abu wajen 1230, da farin marmara da aka sassaƙa har rufinsa ya yi laushi a ido. Vastupala ya riƙe mulkin tashar Khambhat, garin da Ibn Batuta ya ziyarta bayan kimanin shekara ɗari ya yaba kyan gidajensa da masallatansa, ya kuma danganta hakan ga baƙin fatake da ke gasar gini a tsakaninsu. Babban masallacin garin na 1325 yana nan, da kabarin attajiri Umar al-Kazaruni a gefensa. Maginan ƙasar ne suka yi irin waɗannan ayyuka, shi ya sa masallatan farko na Gujarat suke tsaye a kan ginshiƙai da gwafanni na dutse irin na haikalai. Masassaƙan Khambhat sun kai ga sayar da duwatsun kabari na marmara zuwa ƙetare, an kuwa same su a Aden da Kilwa ta gabashin Afirka da Sumatra, har da kabarin Malik Ibrahim, mai yaɗa Musulunci da ya rasu a 1419 a Gresik ta tsibirin Jawa.

A Kalikut, kasuwar masoro, masallacin da mai jiragen ruwa Mithqal ya gina a ƙarni na 14 ba shi da ƙubba ko hasumiya. Bene ne na katako mai rufin tayil, daidai da ginin mutanen Malabar masu fama da ruwan sama, kuma Turawan Fotugal sun cinna masa wuta a 1510 aka sake gyara shi. Hampi, babban birnin daular Vijayanagara ta kudancin Indiya, ya shimfiɗa dogon layin rumfunan kasuwa na dutse a gaban haikalin Virupaksha, an kuma sassaƙa fataken dawakai a bangayen fada, kafin birnin ya faɗi a 1565. Khambhat kuwa ba yaƙi ne ya durƙusar da ita ba, laka ce ta cike mashigar jiragenta, ciniki ya koma Surat.

Roƙona, ya Edita, shi ne idan shafin tarihi zai taɓo Indiya, a ware makala ga waɗannan garuruwa ɗaya bayan ɗaya, a kuma haɗa da taswirar da ke nuna hanyar jirage daga Aden da Hurmuz zuwa Khambhat da Kalikut, ta wuce har Sumatra, domin ɗalibai su ga inda kowanne yake.

Wassalam.

Naka,
Wani mai bibiyar shafin tarihi