A ba ƙananan gidajen sinima fili a shafin nishaɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina neman ɗan fili in yi magana kan abin da na daɗe ina son gani a shafinku na nishaɗi. Duk mako kuna kawo mana labarin manyan finafinai: wanda ya lashe kuɗi kaza wajen shiryawa, wanda ya tara kaza a makon farko, da jarumin da ake yayi. Ba laifi, jama'a na son ji. Amma akwai wasu finafinan da ake haskawa a ƙananan gidajen sinima na al'umma, wato finafinan zahiri, masu nuna mutane da abubuwan da suka faru da gaske ba wasan kwaikwayo ba, da na masu shirya fim masu zaman kansu, waɗanda ake nunawa dare ɗaya ko biyu su wuce ba a ji ɗuriyarsu ba. Su nake roƙo a waiwaya.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan gida ba, ga yadda yake. Ɗaki ne guda, allo guda, kujeru ba su da yawa. Wani lokaci ma ba gidan sinima ba ne na dindindin, zauren laburare ne ko na makaranta da ake aro. Masu tafiyar da shi galibi 'yan sa-kai ne, kowa da aikinsa da rana. Idan ka zo da wuri za ka tarar da wani a durƙushe yana liƙe wayar lasifika a ƙasa don kada tsoho ya yi tuntuɓe, wata kuma tana can baya tana ɗaga hannu, tana cewa a ƙara sauti, a rage, ya isa. Mai sayar da tikiti shi ne zai fito gaba ya gabatar da fim ɗin, shi ne kuma zai jera kujeru bayan an watse. Ba mai samun ko sisi a cikinsu, kuma ba su fasa ba.

Me ya sa sai a irin waɗannan wurare ake ganin finafinan nan? Ba don ba su da kyau ba ne. Lissafin kasuwa ne. Gidan sinima ba ya mallakar fim, haya yake yi daga kamfanin da ke rarrabawa, a raba kuɗin tikiti tsakaninsu, kuma a manyan finafinai kason kamfanin yakan kai rabi ko ya wuce. Sau da yawa da sharaɗi ake bayarwa: sai an riƙe fim ɗin makonni kaza, a babban ɗaki, a lokutan da jama'a suka fi zuwa. Mai gidan da ke biyan haya da wuta da albashi ba zai ajiye wannan ya ɗauki fim ɗin da ba shi da jarumi, ba shi da kuɗin talla ba. Tsohuwar matsala ce. A 1948 sai da Kotun Ƙolin Amurka ta shiga tsakani a shari'ar da ake kira ta Paramount, ta hana manyan kamfanoni tilasta wa gidajen sinima sayen finafinai a dunƙule, wato in kana son mai kyau ɗaya dole ka kwashi tarkacen da ke biye da shi, aka kuma raba kamfanonin da gidajen sinimar da suka mallaka. Daga baya, wajajen 2012 zuwa 2013, da aka daina buga finafinai a faifan 35mm aka koma na'urar dijital, ƙananan gidaje da dama sun rufe saboda tsadar sabon majigi, wasu kuma sai da mutanen gari suka yi karo-karo kafin suka tsira. Annobar korona ta 2020 ta zo ta ƙara musu nauyi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, da irin waɗannan finafinai aka fara sinima. Ranar 28 ga Disamba 1895, da 'yan'uwan nan biyu na gidan Lumière suka fara haska fim ga masu biyan kuɗi a birnin Paris, abin da aka gani a allo har da ma'aikata suna fitowa daga masana'anta bayan an tashi aiki. Yawancinsu ba labari, ba jarumi, kowane fim bai kai minti ɗaya ba. Mutane suka zauna suna kallon mutane irinsu suna tafiya, abin ya ƙayatar da su. Wannan sha'awar ba ta mutu ba. Ƙananan ƙungiyoyin 'yan kallo su ma ba yau suka fara ba: a 1925 aka kafa ƙungiyar masu son fim ta Landan, tana nuna wa mambobinta abin da gidajen kasuwa suka ƙi ɗauka, har da finafinan Rasha da hukumar tace finafinai ta hana nunawa a fili.

Kada kuma a ɗauka fim na zahiri abin hutun masu boko ne kawai. A 1988 wani daraktan Amurka, Errol Morris, ya fitar da The Thin Blue Line, kan wani mutum mai suna Randall Adams da aka yanke wa hukuncin kisa bisa zargin kashe ɗan sanda a Dallas. Morris ya zaunar da shaidu ɗaya bayan ɗaya a gaban kyamara, ya bar su suka yi ta magana har maganganunsu suka fara karo da juna. A 1989 aka saki Adams, bayan ya shafe kimanin shekara 12 a kurkuku kan laifin da bai aikata ba. Fim ne ya tono wannan, fim ɗin da babban gidan sinima ba zai yi rububinsa ba.

Na san abin da wasu za su ce: ai komai yana waya yanzu, me zai fitar da mutum daga ɗakinsa? Na farko dai, ba komai ne ke intanet ba. Ana nuna ɗaruruwan finafinai a bukukuwa irin su IDFA na Amsterdam, wanda aka fara a 1988, da Sundance na Amurka, da FESPACO na Wagadugu da ke gudana tun 1969. Kaɗan ne daga cikinsu manyan manhajojin kallo ke saye. Sauran, in ba ƙaramin gidan sinima ya ɗauko su ba, shi ke nan, wahalar shekaru ta kwanta a kwamfutar mai ita. Na biyu, manhaja abin da ya yi kama da wanda ka kalla jiya take turo maka. Mai zaɓen finafinai a gidan al'umma kuwa mutum ne da ya san masu zuwa, zai iya cewa wannan ba irin wanda kuka saba ba ne, amma ku daure ku zo.

Na uku shi ne ya fi damuna, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Muna cewa gani ya kori ji, to amma kyamara ma tana iya karkatar da gaskiya. Wanda ya riƙe ta shi ya zaɓi inda zai nuna, wanda ya haɗa hotunan shi ya zaɓi abin da zai yanke. Nanook of the North na Robert Flaherty, wanda ya fito a 1922 kuma ake ɗauka a matsayin kakan finafinan zahiri, cike yake da abubuwan da aka shirya. Fim ne kan wani mafarauci daga mutanen Inuit na yankin ƙanƙara a arewacin Kanada, wanda aka kira Nanook, amma sunansa na ainihi Allakariallak, matar da aka nuna a matsayin matarsa ba ita ba ce, an sa shi farauta da mashi alhali mutanensa sun riga sun saba da bindiga, ɗakin ƙanƙarar ma an gina shi ne a buɗe ta gefe guda don haske ya isa kyamara. Wanda ya kalli irin wannan shi kaɗai a waya, da tsakar dare, wa zai ankarar da shi? Zai haɗiye ne ya tura wa wani. Amma a zaure, idan fim ya ƙare aka kunna fitila, akwai ɗan shirun nan da ake yi kafin kowa ya motsa, daga nan sai hannu ya tashi. Na ga an nuna fim kan aikin asibiti, wata ma'aikaciyar jinya ta miƙe daga kujerun tsakiya, muryarta na ɗan rawa, ta ce abin da aka nuna gaskiya ne amma rabi ne, ta faɗi rabin da aka bari. Wani dattijo ya ƙi yarda da ita, wani matashi ya goyi bayanta, aka yi ta yi har mai makullin zaure ya fara duba agogo. Kowa ya fita da abin da ya fi wanda fim ɗin ya ba shi. Idan kuma aka yi sa'a daraktan na wurin, to waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma dole ya amsa tambayar da ba zai iya kauce mata ba.

Ousmane Sembène na Senegal ya gane wannan tun da wuri. Marubuci ne da ya riga ya yi suna, amma ya lura yawancin mutanen da yake rubutu a kansu ba za su iya karanta littattafansa ba, sai ya tafi Mosko a farkon shekarun 1960 ya koyi shirya fim. Yakan bi finafinansa gari-gari, a haska, ya zauna a tattauna, yana kiran sinima makarantar dare. Ƙaramin gidan sinima na al'umma shi ne ya gaji wannan aiki.

Akwai ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci. A Faransa tun 1948 ake cire wani kaso, kimanin kashi 11 cikin 100, daga kuɗin kowane tikiti, ko na fim ɗin Amurka ne, hukumar finafinansu ta CNC ta mayar da shi ga masu shirya finafinai da gidajen sinima. Gidajen da ke nuna finafinan da ba na kasuwa ba suna da rajista ta musamman da tallafinsu, kuma sun haura dubu. Ba kowace ƙasa za ta iya haka ba, ban kuma ce a jira gwamnati ba.

Su ma masu gidajen ina da magana da su. Duk fim ɗin da za a haska wa jama'a a nemi izinin mai shi, a biya lasisi, ko da kyauta ake shiga. Sauko da fim daga intanet a nuna ba izini satar fasaha ce, kuma wanda aka cuta shi ne ƙaramin mai shirya fim ɗin da ake cewa ana goyon baya, wanda watakila bashi ya ci ya gama aikin. Yawancinsu in aka rubuta musu suna amsawa, suna kuma sassautawa. A kula da fassarar da ke ƙasan allo, ta zama da harshen da masu kallo ke ji, da rubutun da na kujerar baya zai iya karantawa. Sannan kada a cika dare da fim har a rasa lokacin tattaunawa, a ware mata ko da rabin awa.

Ranka ya daɗe, abin da nake roƙo a wajenku ba mai tsada ba ne. Waɗannan gidaje ba su da kuɗin talla, abin da ke kashe su shi ne kujerun da ba kowa, ba don mutane sun ƙi ba, sai don ba su ji ba. Ku ware ɗan gurbi duk mako a rubuta me za a nuna, a ina, ƙarfe nawa, da layi biyu kan abin da fim ɗin ya ƙunsa, a kuma buga shi kwanaki kafin ranar. Lokaci-lokaci ku tura wakili ya kalla, ya zauna har ƙarshen tattaunawa, ya rubuta sharhi na gaskiya: in fim ya yi kyau ya faɗa, in ya karkata ko ya yi tsawo ya faɗa, don yabon da ba gyara ba ya amfanar mai shirya fim. Ku kuma sanar da adireshin da masu gidajen za su riƙa aiko muku da jadawalinsu, da ranar da za a rufe karɓa kowane mako.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara basira.

Wassalam,
Daga mai karanta jaridarku.