Wasiƙa zuwa ga aminina kan likitan da ya fasa gani

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso. Ka ce ƙafafun yaronka sun yi baka, an tura ku wurin likitan ƙashin yara, amma da ka duba sunansa a Google ka tarar an yi masa ruwan tauraro ɗaya, wato mafi ƙarancin makin yabo da mutane ke bayarwa a can, sai gabanka ya faɗi ka fasa zuwa. Dariya ta kusa kama ni, don ni ma saura ƙiris in yi haka.

Ka san 'yar tawa da ƙafar dama a murɗe aka haife ta, tafin yana kallon ciki. Daren da aka ba mu sunan likita ban runtsa ba. Ina zaune da waya a hannu, jaririya na barci a gefe, ina bin ƙorafin mutane ɗaya bayan ɗaya. Sai wajen asuba na lura da wani abu: kusan babu wanda ya ce likitan ya ɓata ƙafar ɗansa. Wannan ya ce an shanya shi a layi, wancan ya ce mai karɓar kati ta yi masa tsawa, wata kuma ta ce ko kallon fuskarta bai yi ba. Wanda ya fi kowa zafi cewa ya yi ya zo a yi wa ɗansa tiyata, likita ya ce ya koma gida ya jira.

Wannan na ƙarshen ne nake so ka yi tunani a kai, don ya shafe ka. Yawancin yara masu koyon tafiya ƙafarsu kan yi baka, ta miƙe da kanta wajen shekara 2. Daga nan wasu su yi gwame wajen shekara 3 zuwa 4, shi ma ya daidaita kusan shekara 7. Likitan da ya san aikinsa sau da yawa maganarsa ke nan: a bari, a dawo bayan wata shida. Uban da ya kwana cikin zullumi kuwa gani yake an raina shi, sai ya huce a intanet. Shi likita bakinsa a ɗaure yake, sirrin majiyyaci ya hana shi fitowa ya bayyana abin da ya gani. Waɗanda 'ya'yansu suka warke kuma ba kasafai suke komawa su rubuta komai ba. Ni kaina, abin kunya, har yau ban rubuta ba.

Mun je dai. Gaskiya mutumin ba shi da fara'a. Ya bi hanyar Ponseti, wato likitan nan ɗan Sifaniya da ya yi aiki a Jami'ar Iowa ta Amurka: duk mako a lanƙwasa ƙafar kaɗan a sa sabuwar filasta, daga yatsu har cinya. An yi mata biyar, aka ɗan tsaga agara, sannan aka ba mu takalma masu sandar ƙarfe a tsakani, ta sa awa 23 a rana har wata 3, daga baya sai lokacin barci kawai.

Sai dai ban wanke shi tas ba. Bayanin takalman nan a tsaye ya yi mana shi, hannunsa na kan ƙofa. Da yarinyar ta dinga tsala kuka da dare, uwarta ta fara cire mata su don tausayi, ba mu san cewa abin da ke mayar da ƙafa gidan jiya ke nan ba. Wata nas ce ta zaunar da mu ta fahimtar da mu. Don haka idan ka ga mutane da yawa suna cewa likita ba ya bayani, kada ka yi watsi da maganar. Ka rubuta tambayoyinka a takarda, kada ka tashi sai ya amsa.

Ka koma ka sake karɓar ranar ganin likitan, don Allah. Ka gaya masa ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya lanƙwasa, ko abin ƙaruwa yake, ko yaron na ɗingishi, domin ƙarancin bitamin D ma na kawo haka, kuma hoton ƙashi da gwajin jini ne za su raba gardama.

Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa min kan yaron. Ina jiran abin da likitan zai ce.

Naka,
amininka.