Yaro Mai Ƙiriniya Tsakanin Gidaje Biyu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da iyayen da aurensu ya mutu, alhali akwai ɗa tsakaninsu irin wanda jama'a ke kira mai ƙiriniya ko kunnen ƙashi.

Ɗana shekararsa takwas. Mun rabu da mahaifiyarsa yana ɗan shekara huɗu, kuma yana hannunta, tun da a mazhabar Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga matuƙar ba ta yi wani aure ba, ni kuwa yakan zo wurina Asabar da Lahadi da lokacin hutu. Yaron ba ya iya zama wuri guda. Yakan ba da amsa kafin malam ya gama tambaya, yakan tsoma baki a maganar manya, ba ya jiran layi, kuma sau biyu yana faɗawa titi a guje, Allah ne kawai ya tsare. Kusan shekara uku ina cewa uwarsa ce ta sangarta shi, ita kuma tana cewa bulalata ce ta sa ya kangare. Dangina suka ce a karɓe shi a tura shi karatun allo wani gari, nata dangin suka ce iska ce, aka yi ta rubutu da hayaƙi.

Sai da muka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa muka ji cewa abin yana da suna, wato ADHD, larura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma, kuma ana ƙiyasta cewa tana samun kusan yara biyar cikin ɗari a duniya. Iri uku ce: akwai mai rashin tattara hankali, akwai mai yawan motsi da gaggawar aikata abu kafin tunani, wanda shi ne na ɗana, akwai kuma wanda ya haɗa biyun. Likitan ya ce gado yana da babban kaso a cikinta. Da na ba mahaifiyata labari, dariya ta yi, ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, don ta sha wuyata fiye da haka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, likita ba ya tabbatar da wannan larura sai alamominta sun kai wata shida, sun fara kafin yaro ya cika shekara 12, sun kuma bayyana a wurare biyu ko fiye, kamar gida da makaranta. Ke nan tun daga matakin farko ana buƙatar shaidar gidajen biyu, kuma idan kowa ya ɓoye abin da yake gani don kada a ce a hannunsa yaro ya lalace, likita zai yi aiki ne a cikin duhu. Haka maganin yake. Wanda aka fi bayarwa, methylphenidate, yana iya rage wa yaro cin abinci ya kuma jinkirta masa barci, shi ya sa ake auna nauyinsa da hawan jininsa a kai a kai. Idan gida ɗaya yana ba da shi, ɗaya gidan kuma ya ɓoye shi saboda tsoron kada yaro ya zama ɗan ƙwaya, babu wanda zai iya gane ko yana aiki.

Mun daidaita a kan abubuwa kaɗan, amma muna riƙe da su a gidajen biyu: lokacin barci ɗaya, umarni ɗaya a lokaci ɗaya maimakon a jera masa aike biyar, a bar shi ya buga ƙwallo kafin a zaunar da shi aikin makaranta, a yaba masa nan take idan ya jira aka gama magana. Na ajiye bulala, ba don na daina fushi ba, sai don na ga duka ba ya hana shi maimaita laifin bayan minti goma. Akwai littafi a jakarsa da kowannenmu ke rubuta yadda ya ci, yadda ya yi barci da abin da malam ya ce. Wannan littafi ya raba mu da gulma, domin a al'adarmu yawan waya tsakanin mutum da tsohuwar matarsa abin zargi ne. Dole in yaba wa matata ta yanzu, wadda ita ce ke wuni da shi idan ya zo, kuma da ba a sa ta cikin shawarar ba da babu abin da zai ɗore.

Ina kira ga alƙalan kotunan shari'a da masu zaman sulhu da su riƙa tambaya ko yaro yana da irin wannan larura kafin su yanke maganar riƙo da ciyarwa, su kuma sa kuɗin asibiti a cikin lissafi. Masu neman likita a nan Arewa za su iya zuwa asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ko sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Idan zuwa tare ya yi nauyi, uwa ta je da wani muharraminta, uba kuma ya same su a can.

Wassalam.

Wani uba,
daga Kaduna